Kafin a yanke lebul: yadda ake gane tsoffin kayan besbol a dilar gwanjo

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwa 'yan gwanjo na Jega, Birnin Kebbi, Argungu, Kamba da Yauri, da kuma samarin da suka fara bin rumfuna suna tsintar tsoffin kaya suna tallatawa a intanet. Maganar ta shafi kayan besbol, wasan nan na Amurkawa da ake jefo ƙwallo a maka masa kulki. Ba wasanmu ba ne, amma kayansa sun cika mana kasuwa: hular hana-salla mai NY ko LA, riga mai maɓallai da lamba a baya, jefi-jefi kuma in an fasa dilar jakunkuna ko ta kayan wasan yara a ci karo da safar hannu ta fata, ko ƙwallo, ko damin katuna masu hoton 'yan wasa.

Labarin kuɗin da ke cikin irin waɗannan kaya ya iso mana ta waya. A watan Agustan 2024 an sayar da rigar da shahararren ɗan wasa Babe Ruth ya sa a 1932 a kan dala miliyan 24 da 'yan kai, a 2022 kuma katin hoton wani shahararren ɗan wasan, Mickey Mantle, na 1952 ya kai dala miliyan 12.6. Tun da aka fara yaɗa wannan, sai ka ga mutum ya rungume rigar da aka ɗinka shekara biyar da suka wuce yana cewa ta kakannin Turawa ce, maƙwabcinsa kuma ya jiƙa tsohuwar hula ta gaske a ruwan bilic, ya yanke lebul ɗinta don yana sosa wuya, ya sayar da ita kuɗin kwanon shinkafa. Wannan na biyun ya fi ƙona mini rai, domin lebul ɗin da ya yanke shi ne takardar haihuwar kayan.

Ƙa'idar aikin guda ce. Koɗewa da datti ba sa nuna shekaru, haka ma hoton tsohon ɗan wasa ko shekarar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a ƙirji. A nemi duk alamomin da kamfani ya bari a jikin kayan, a ga wacce ce ta fi kowacce sabunta, ita ke yanke hukunci. In alamomi tara sun ce 1950, ɗaya ta ce 1995, to kayan bai girmi 1995 ba. Kayan aikin ma suna kusa: tef ɗin tela, gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya, tocilan mai shuɗin haske da ake gwada jabun kuɗi da ita, da ƙaramin sikeli irin na masu sayen zinariya.

Wasu alamomin sun shafi kowane irin kaya. Tambarin babbar hukumar wasan, MLB, wato farin hoton mutum riƙe da kulki tsakanin shuɗi da ja, an fara amfani da shi a 1969, don haka duk abin da ke ɗauke da shi bai girmi wannan shekara ba. Adireshin Amurka mai lambobi biyar a ƙarshe bai girmi 1963 ba, domin a shekarar aka soma wannan tsari. Umarnin wanki a jikin lebul ya zama dole a Amurka daga 1972. Zanen layi-layin da ake haskawa a kanti ya shiga kasuwa a 1974. Adireshin intanet kuwa, daga tsakiyar shekarun 1990 ne. Rubutun Cooperstown Collection yana ruɗin mutane ƙwarai, saboda ana haɗa shi da tsoffin tambura da tsoffin sunaye, alhali shaida ce cewa kayan sabo ne da aka kwaikwayi na da, da izinin hukuma. Yana da kasuwarsa, amma ba tsoho ba ne.

Mu fara da hula, tunda ita ta fi yawa. Kamfanin New Era, wanda aka kafa a Buffalo a 1920, shi kaɗai ke yi wa 'yan wasan MLB hular shiga fili tun 1993. Kafin nan yana raba aikin da wasu, irin su Wilson, KM Pro, Roman da Sports Specialties, saboda haka ganin ɗaya daga cikin waɗannan sunaye a ciki alama ce mai kyau. Hular 'yan wasa ba ta da maɗaurin roba a ƙeya, a rufe take, da lambar girman kai kamar 7 1/4. Mai maɗauri ta 'yan kallo ce, ko da tsohuwa ce. A kifa ta a dubi ƙarƙashin bakinta: kore ya fi yawa har zuwa farkon shekarun 1990, sai ruwan toka ya maye gurbinsa, daga 2007 kuma aka koma baƙi, shekarar da aka bar ulu aka koma zaren roba. Ƙaramin tambarin MLB a ƙeya ya zo a farkon shekarun 1990, tutar New Era a gefen hagu kuma sai 2016 ta hau hular fili. Amma a kula, yanzu ana sake yin sababbi masu koren ƙarƙashi don masu son yayin da, shi ya sa launi kaɗai ba ya isa sai an haɗa da lebul. Zagayen ciki mai shan gumi in na fata ne, an samu tsohuwa sosai. A ƙwanƙwasa bakin da farce: tsofaffi da yawa kwali ne a ciki, kuma kwali in ya sha ruwa ya kumbura ya lanƙwashe, babu mai miƙar da shi.

Haruffan gaba ma suna buƙatar natsuwa. Farin NY a kan shuɗi mai duhu na ƙungiyar New York Yankees ne. NY ruwan lemo a kan shuɗi mai haske na Mets ne, ƙungiyar da ta fara wasa a 1962. NY ruwan lemo a kan baƙi na New York Giants ne, waɗanda suka koma San Francisco a 1958, shekarar da Dodgers suka bar Brooklyn zuwa Los Angeles. Ƙaurar ƙungiyoyi da sauya suna na taimakawa wajen ƙiyasta shekaru: Montreal Expos ta Kanada ta yi wasa daga 1969 zuwa 2004, Seattle Pilots kakar wasa ɗaya tak a 1969, Houston Colt .45s daga 1962 zuwa 1964, Florida Marlins daga 1993 zuwa 2011. Sai dai sunan ƙungiyar da ta shuɗe yana nuna zamanin da ake nufi ne kawai, lebul ne zai faɗi ko a zamanin aka yi kayan ko daga baya.

Akwai kuma kayan da ba na Amurka ba ne sam, domin diloli na fitowa daga Koriya da Japan, kuma besbol babban wasa ne a can. Jar hula mai farin C tana iya zama ta Cincinnati Reds, tana iya zama ta Hiroshima Carp. Baƙi da ruwan lemo da haruffan Y da G a sarƙe na Yomiuri Giants ne na Tokyo. Sunayen Mizuno, Zett, SSK ko Descente, da girman kai a santimita maimakon inci, duk suna nuni da gabashin Asiya.

Riga ta fi hula wahala, kuma a kanta aka fi yin ƙarya. Har zuwa 1970 rigunan 'yan wasa na yadin ulu ne mai kauri, ko ulu haɗe da wani zare, wanda ba ya talewa in an ja. Pittsburgh Pirates ne suka fara sa saƙaƙƙen yadi mai talewa a tsakiyar 1970, cikin shekara uku kuma kowa ya bi. Gwajin yadi mai sauƙi ne: a zaro zare ɗaya daga cikin kalmasa, inda ba a gani, a kusanta shi da ashana. Ulu yana ƙauri kamar ana babbakar kan rago, ya bar baƙin toka mai murmushewa tsakanin yatsu. Zaren roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Zare ɗaya ya isa, kada a kai wuta jikin rigar.

Daga nan a duba gindin rigar ta gaba, ɓangaren hagu, inda ake cusawa cikin wando. A nan rigar ɗan wasa ke ɗauke da tambarin kamfani da lambar girma irin 44, 46 ko 48, sau da yawa da wani ɗan ƙyalle da aka ɗinka shekara a kai. S, M, L ko XL na kasuwa ne. Kamfanin Rawlings ne ya riƙe kwangilar hukuma daga 1987 zuwa 1991, Russell daga 1992, Majestic shi kaɗai daga 2005 zuwa 2019, Nike daga 2020. Tambarin MLB a bayan wuyan riga daga 2000 ya fara. Lamba a baya ta kankama ne a 1929, suna a baya kuma Chicago White Sox suka fara a 1960. Wannan kaɗai ya isa ya warware rigingimu da yawa. Jackie Robinson, baƙar fatar da ya karya shingen wariya a wasan ranar 15 ga Afrilun 1947, ya daina wasa bayan kakar 1956, don haka riga mai lamba 42 da sunansa a baya ta tunawa ce da shi, bai taɓa sa irinta ba. Yankees kuwa har yau ba sa rubuta suna a bayan rigunan da suka saba shiga fili da su. In ka ga Ruth ko Mantle a rubuce a bayan rigarsu, daga kanti ta fito.

Mafi yawan rigunan da ba a gane asalinsu ba, a ganina, na ƙananan ƙungiyoyi ne: makarantu, ma'aikatu, coci-coci, sansanin soja, da gasar yara ta Little League da aka kafa a 1939. Alamarsu ita ce sunan wani shago ko gareji a baya, wani lokaci har da lambar waya. Lambar wayar da ta fara da haruffa biyu sannan lambobi biyar tsarin da ne, kafin a koma lambobi zalla a shekarun 1960. A rubuta sunan shagon da na garin a nema a intanet, sau da yawa nan asalin ke fitowa. Irin waɗannan ba za su kawo miliyoyi ba, amma in ta ulu ce mai haruffan da aka yanka aka ɗinka, akwai masu nemanta, kuma ta fi sabuwar riga mai babban suna daraja.

Ƙwallo shi ya fi kowane kaya faɗin gaskiya. Na besbol fata biyu ce, kowace da siffar lamba 8, an haɗa su da ɗinki 108 na jan zare. Kewayensa inci 9 zuwa 9 da kwata, nauyinsa giram 142 zuwa 149. In ya kai inci 11 ko 12, na wasan sofbol ne. In ja ne da ɗinki a tsakiya kamar ɗamara, na kurket ne na Ingila. Jan zare zalla daga tsakiyar shekarun 1930 ne, kafin nan ana haɗa ja da baƙi ko ja da shuɗi. Spalding da Reach ne sunayen kamfanin da ke kan ƙwallon hukuma har 1976, daga 1977 Rawlings ya karɓa. Kalmar Haiti a ƙarƙashin tambarin Rawlings na nufin ƙarshen shekarun 1970 zuwa wajen 1990, kafin aikin ya koma Costa Rica baki ɗaya.

Abin da ya fi amfani shi ne sunan shugaban gasa da ake bugawa a jikin ƙwallon hukuma. MLB gasa biyu ce, National da American. A gasar National, Ford Frick ya riƙe daga 1934 zuwa 1951, Warren Giles ya biyo shi har 1969, Charles Feeney daga 1970 zuwa 1986. A gasar American, William Harridge daga 1931 zuwa 1959, Joe Cronin har 1973, Lee MacPhail daga 1974, Bobby Brown daga 1984, Gene Budig daga 1994. Daga 2000 aka koma ƙwallo ɗaya mai sunan shugaban MLB baki ɗaya, Bud Selig, daga 2015 kuma Rob Manfred. Yanzu sai a haɗa da ranar mutuwar wanda aka ce ya sa hannu. Babe Ruth ya mutu a 1948, ba zai yiwu sa hannunsa ya hau ƙwallon Giles ko Cronin ba. Jackie Robinson da Roberto Clemente duk a 1972 suka mutu, don haka ba su ga ƙwallon hukuma na Rawlings ba. Tawada ma shaida ce. Biro ya shiga kasuwar Amurka a 1945, ɗan wasa Lou Gehrig kuma ya mutu a 1941, don haka sa hannunsa da biro jabu ne. Alƙalamin Sharpie mai kaurin baki ya fito a 1964. Akasin haka ba hujja ba ce, domin maƙaryaci na iya samun tsohon ƙwallo ya rubuta a kai. Jabun sa hannu ya yi yawan da sai da hukumar FBI ta yi babban samame a kansa a ƙarshen shekarun 1990, MLB kuma ta fito da sitika mai ƙyalli da lamba a 2001, wadda ake iya bincikawa a shafinta.

Ƙwallon da ke cike da sunaye ashirin ko fiye, a sa shi ƙarƙashin gilashi. In kaurin tawadar ɗaya ne daga farko har ƙarshe, babu inda alƙalami ya danna ko ya ɗaga, babu inda layi ya hau kan layi, to inji ya buga su, irin tsarabar da ake sayarwa a bakin fili.

Safar hannu a kai wa baduku ya taɓa, zai faɗi ko fata ce ko leda tun kafin a gama tambaya. Siffarta ke nuna zamani. Ta farkon ƙarni na 20 ƙarama ce, shimfiɗaɗɗiya, yatsunta a rarrabe. Ragar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta samo asali daga samfurin Bill Doak na Rawlings a 1920. Ɗaure yatsun da igiyar fata ya bazu bayan yaƙin duniya na biyu, mai zurfin aljihu irin ta yau kuma ta biyo bayan Wilson A2000 na 1957. Sunan ɗan wasa da aka ƙona a tafin safar talla ce, an buga dubbai irinta, ba tasa ba ce. Haka kulki. Hillerich & Bradsby, masu ƙera kulkin Louisville Slugger, da wannan suna suke tun 1916, lamba 125 a cikin zagayen tambarinsu na nufin itace mai daraja ta ɗaya, lambar tsawo a gindi kamar 33 ko 34 kuma yawanci ta nuna na kanti ne. Na alminiyon bai girmi shekarun 1970 ba.

Katuna su ne suka fi yaudarar masu sabon shiga. Mafi yawan waɗanda ke zuwa cikin kwali na tsakanin 1987 da 1994 ne, lokacin da Topps, Fleer, Donruss, Score da Upper Deck suka buga su ba adadi, har a Amurka ma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. A fara da awo. Girman da aka saba, inci 2 da rabi a 3 da rabi, daga 1957 ya fara. Na Topps na 1952 ya fi haka girma, inci 2 5/8 a 3 3/4. Katunan cikin kwalin taba na 1909 zuwa 1911, waɗanda ake kira T206, ƙanana ne, faɗinsu bai kai inci ɗaya da rabi ba. Katin Mantle na 1952 da ya zo da girman katin yau kwafi ne. A kashe fitila a haska shi da tocilan ɗin gwada kuɗi: takardar zamani na ɗauke da sinadarin ƙara fari, sai ta yi walƙiya shuɗi-shuɗi, tsohuwar takarda ta kafin 1950 kuwa dishi-dishi take zama. A ƙarƙashin gilashi, baƙin rubutu da layin gefe na katin asali tawada ce a cike, na kwafi kuma ɗige-ɗige ne masu launi, domin hoton katin aka ɗauka aka sake bugawa. Masu jabu na jiƙa kati a ruwan shayi su goge kusurwoyinsa. Tsufan gaske ba ya cin kusurwa huɗu daidai wa daida.

Sai maganar ajiya, wadda a yanayinmu ita ke kashe kaya bayan an gane su. Kada a wanke komai kafin a gama bincike. Ulu a ruwan zafi tsukewa yake, jan harafi kuma ya zuba a kan farin yadi. Buroshi mai laushi ya isa ya kaɗe ƙura. Kada a shafa wa safa man gyaɗa, man ja ko man shanu: fatar za ta yi baƙi, tambarin ya ɓace, man ya yi ɗoyi ya jawo ɓera da kyankyaso. Kada a canza mata igiya ko da ta tsinke, mai saye ya fi son ta yadda take. Ƙwallo mai sa hannu a riƙe shi ta wajen ɗinki, a nisanta shi da rana, kada a bi rubutun da biro don ya fito, yin haka na kashe darajarsa gaba ɗaya. Kati ba ya son roba mai ɗaurewa, ba ya son salatif, kuma kai shi a manne masa leda da zafi kamar katin shaida ɓarna ce da ba ta gyaruwa. Da damina ledar da aka ɗaure tam tana tara gumi, fumfuna ta kama, da hunturu kuma fata na bushewa ta tsage. A naɗe kayan a tsohon farin zanen auduga mai tsabta, a sa a akwatin ƙarfe, a ɗora shi a kan benci nesa da bango saboda gara, a riƙa buɗewa ana dubawa saboda asu.

Wanda ya ga kayansa sun tsallake duk waɗannan gwaje-gwaje, ya ɗauki hoto da hasken rana a inuwa: gaba, baya, ciki, kowane lebul daga kusa, da tef ɗin tela a gefe don a ga girma. Ya duba farashin da aka riga aka sayar da irinsa a shafin ciniki na eBay, ba wanda masu kaya ke nema ba, don kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Kamfanonin tantancewa irin su PSA, SGC, JSA da Beckett da dala suke karɓar kuɗin aiki, ga kuɗin aikawa da na dawowa, saboda haka sai abin da alamominsa suka haɗu ne ya cancanci wannan ɗawainiya. Duk baƙon da ya ɓullo a Facebook ko WhatsApp ya ce a turo masa kuɗin rajista ko na kwastan kafin ya saya, ko a aika masa kayan ya gani tukuna, a rufe maganar nan take.

Ina kuma kira ga shugabannin 'yan gwanjo na kasuwanninmu da su ja hankalin yaran shago masu fasa dila, su daina yanke lebul, su riƙa ware duk hula ko rigar da ta zo da ulu, zagayen fata ko rubutun Made in USA a gefe guda har sai an duba ta.

Na gode, Edita, da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Mai karatunku daga Jega, Jihar Kebbi